Finjalin da Ba a Kawo Ba

Abu Talal ya baro Karak da hantsi da buƙata guda a ransa, kuma ya ƙudura zai je Amman ya samo ta ba tare da ya furta ta da bakinsa ba.

Ranar Juma'a dangin wani saurayi za su zo neman auren 'yarsa Rawand. Yarinyar ta gama karatun haɗa magunguna, ita ta ga mutumin ta ce ya yi mata, kowa ya yi na'am. Sai dai ta kafe a kan abu ɗaya: ba za a karɓi baƙin nan ba sai baffanta Munzir yana zaune a gefen mahaifinta. Ba da tsiwa ta faɗa ba, tana cikin ninke kaya ta faɗa, kuma Abu Talal ya san halin 'yarsa, in ta ce a'a a hankali to magana ta ƙare. Ko ba don ita ba ma, maza za su cika falo su ga wurin ƙanin uba babu kowa, su koma gida da abin faɗa.

Shi kuwa Munzir, likitan ido ne a Amman, rabonsa da Karak tun zaman makokin mahaifinsu. Ran nan ne ya kawo shawarar a bar yanka tumaki ana dafa wa 'yan gaisuwa mansaf, shinkafa da nama da romon nono da ake ci da hannu a tire ɗaya, wai ɓarna ce, a sayo abinci cikin 'yan kwalaye a raba. Abu Talal, da baƙin ciki ya riga ya cika masa ciki, ya ce masa a gaban maza kaf duk mai jin kunyar abincin ubansa ya koma can wurin masu cin shinkafa da cokali, ba a neman sa a nan. Munzir ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Tun daga ranar sai gaisuwar Sallah ta waya, ita ma a tsaitsaye.

To, babba dai ba ya buɗe baki ya roƙi ƙaninsa, Abu Talal kam gara ya haɗiye harshensa. Kuma ba sai an kai ga haka ba, don kakanni sun riga sun share wa mai girman kai hanya. Ka je gidan mutum, ya zuba maka gahawa, ka karɓi finjalin ka dire a gabanka ba ka kurɓa ba. Mai gida ya san da buƙata ka zo, nauyi ya koma kansa. Zai ce ka sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu. Sai ka sha, sannan a yi maganar kamar ta wani ce can daban, ba wanda ya durƙusa wa wani. A hanya Abu Talal har gwadawa ya riƙa yi da hannunsa na dama, yadda zai dire finjalin a hankali ya kau da kai.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne Munzir ba zai kai shi gida ba. A ƙofar asibitinsa suka haɗu, suka sumbaci juna a kumatu kamar waɗanda aka tilasta, sai Munzir ya ce ai yau ba a gida za su ci ba, baƙo irin wannan sai wuri na musamman. Akwai wani gidan abinci da ya yi wata da watanni yana jiran a ba shi tebur, yau ne ranarsa, da matarsa za su je, amma ta haƙura ta bar wa Yaya kujerarta. Yana faɗa yana murmushi irin na wanda ya yanka maka rago. Abu Talal ya ce Allah ya saka da alheri, a ransa kuwa ya ce ai ko ina ne a ƙasar nan, in baƙo ya zauna gahawa ake fara miƙo masa.

Wani tsohon gidan dutse ne a kan tudu, ko allon suna babu a ƙofar. Ciki shiru, mutane na magana ƙasa-ƙasa kamar masu jinya. Aka zaunar da su a wani ɗan tebur da gwiwoyin Abu Talal suka ƙi shiga ƙarƙashinsa. Wani mutum mai gyararren gemu da baƙaƙen kaya ya zo ya ce sunansa Yazan, shi zai raka su a tafiyar yau. Abu Talal ya ɗauka wani wurin za a sake zuwa har ya fara yunƙurin tashi. Ashe abincin ne tafiyar. Ba a zaɓa, ba a tambaya, abin da babban kuku ya ga dama shi za a yi ta kawowa kaɗan-kaɗan har a gama.

Abu Talal ya gyara jan hiraminsa ya ce a fara kawo gahawa.

Yazan ya yi murmushi mai ladabi ya ce ai kuku ba ya barin a sha gahawa da farko, tana kashe harshe. Amma Alhaji ya kwantar da hankalinsa, tana nan tafe a ƙarshe, irin wadda bai taɓa sha ba. Ya zuba musu ruwan ɗumi da ganye guda yana yawo a ciki. Abu Talal ya dubi ƙaninsa ko zai tsawata, ya ga shi har ya lumshe ido yana shinshinar ruwan. Ya ce a ransa ba komai, ƙarshen ma ai zai zo, mutum ya jira abin da ya fi wannan.

Aka kawo wani ɗan reshe a tsaye cikin tukunya, da zaitun biyu rataye a jiki. Yazan ya yi bayani mai tsawo a kan wata bishiya a Ajlun da ta girmi kakan kowa, ya ce a jefa a baki gaba ɗaya, kada a ciza. Abu Talal, wanda tun kafin a haifi Yazan yake cin zaitun, ya ciza. Abin ya fashe, don ba zaitun ba ne, ruwan zaitun ne aka yi wa riga, ya tsarto masa a gemu da gaban riga. Munzir ya miƙo masa ƙyalle.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. Kumfa a cikin ɓawon ƙwai. Wani abu baƙi a kan dutse mai zafi, wai gawayin gauta. Ɗanyen kifi siriri wanda ana hango faranti ta cikinsa, da furen da aka ɗora masa da hantsaki. Kowanne loma ɗaya, kowanne da huɗubarsa, kuma huɗubar ta fi lomar tsawo nesa ba kusa ba. Kafin a taɓa, sai Munzir ya ɗaga hannu a dakata ya ɗauki hoto da waya, ta sama, ta gefe. Ni dai na sha faɗa, wanda ya ƙirƙiro cin abinci irin wannan bai taɓa yin baƙon da ya sha hanya ba. Abu Talal ko karyawa bai yi ba da safe don kada ya ɓata wa ƙaninsa girki, yanzu kowace loma sai ta tashi yunwar daga barci ta wuce ta bar shi da ita.

Ya nemi gurasa. Yazan ya ce gurasa ai ita ma tana da nata lokacin. Da lokacin nata ya yi, ta zo ita kaɗai a kan ƙyalle, ba ta kai tafin hannun jariri ba, kuma sai da suka ji tarihin alkamar.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba a barin shiru ya zauna. Tsakanin 'yan'uwan da suka daɗe ba sa magana, shiru ne ke yin rabin aikin: a zauna, a yi gyaran murya, wani ya tambayi ruwan sama, a hankali a gangaro. Nan kuwa da zarar shirun ya fara nuna, sai ga Yazan a kansu. Sau ɗaya har Munzir ya ajiye waya, ya tambayi lafiyar matar yayan nasa, Umm Talal, ya tambayi bishiyoyin ɓauren da ke bayan gida ko suna nan. Sannan muryarsa ta sauka.

“Rawand fa? Ta gama karatun?”

Abu Talal ya gyara zama. Ga ƙofa ta buɗe da kanta. Ya buɗe baki ke nan sai aka dire musu wasu ƙoƙunan gilashi a kife, cike da hayaƙi, Yazan ya ɗage su a tare, hayaƙin ya turnuƙe teburin. Ya ce wannan ƙamshin tanderun ƙauye ne da asuba, su rufe ido su tuna yarinta. Abu Talal ya sarƙe da tari. Kafin ya gama share hawaye Munzir ya koma kan wayarsa, tambayar ta bi hayaƙin.

Can ya lura da teburin da ke kusa da su, wata mata da mijinta da suka riga su zuwa, sun kai ƙarshe. Ya ji an ce musu ga gahawarsu, sai ya ɗaga kai ya leƙa. Babu buta, babu finjali. Cokula biyu aka kawo, kowanne da ɗan dunƙulen ƙanƙara ruwan ƙasa, aka danƙa musu a hannu aka ce su yi maza kafin ya narke. Matar ta lashe nata ta dafa ƙirji don daɗi. Abu Talal ya koma jikin kujerarsa. Wannan ce gahawar da ya yi ta jira, abin da ko wurin dire shi babu, in ka ƙi sha ya zube maka a hannun riga.

Takaici da yunwa in suka haɗu ba sa ba da shawarar kirki. Abu Talal ya ce a ransa, to, in babu gahawar da za a ajiye, ai akwai abinci. Duk abin da aka kawo yanzu ba zai taɓa ba. Munzir ɗan Karak ne komai daɗewarsa a birni, zai gani, zai gane.

Sai aka yi rashin sa'a abin da aka kawo mansaf ne. Haka dai Yazan ya kira shi. Wani ɗan yankin nama ne mai kusurwa huɗu a tsakiyar ƙaton farin faranti, da ɓawon shinkafa a tsaye a kansa, da farar hoda a gefe. Ya ce hodar jamid ce, ya juyo wajen Abu Talal yana masa bayani a tsanake cewa jamid busasshen nonon tumaki ne, daga Karak ake kawo musu, garin da ya fi ko'ina iya shi. Abu Talal ya tuna uwarsu tana shanya curin jamid a kan rufin ɗaki, ya tuna tiren mansaf da sai maza biyu suke ɗauka. Ya tura farantin gaba kaɗan, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kau da kai wajen taga, daidai yadda ya yi ta gwadawa a mota.

Munzir ya ci nasa ido a rufe. Yazan ne ya fara gani. Ya sunkuyo ya ce Alhaji, wannan da zafinsa ake ci. Da bai samu amsa ba ya tambaya ko nono ne ba ya karɓar Alhaji, ai da an faɗa tun farko. Ya ɗauke farantin da hanzari, jim kaɗan ya dawo da wani, wai kuku ya ba da haƙuri, ga wannan babu nono a ciki. Abu Talal ya ture shi ma. Yazan ya koma, ya sake dawowa da tambaya daga kuku, ko naman ne, ko gishiri ne. Mutanen teburan kusa suka fara satar kallo. Abu Talal ya daure, don ya ga Munzir ya ajiye cokali yana dubansa, fuskarsa ta canza. Ya ce a zuci alhamdulillahi, ƙanin ya gane. Ya jira ya ji an ce ci abincinka, ka samu.

“Yaya,” in ji Munzir, a hankali ƙwarai, “duk wannan tafiyar ka yi don ka ƙi cin abincina a gaban mutane?”

Nan take Abu Talal ya ga abin da ya aikata. Gahawar da aka ajiye buƙata ce. Abincin da aka ture kuwa gaba ce, cewa ne ba na cin gishirinka, babu sulhu tsakaninmu. Ƙaramin yaro a Karak ya san bambancin, shi da furfurarsa ya zo ya cakuɗa su. Kuma ba komai ya ture ba sai mansaf, abin da a kansa suka rabu.

Munzir bai ɗaga murya ba, wurin ma ba ya ɗaukar ɗaga murya. Ya ce da ya ji wayar Yaya jiya bai yi barcin kirki ba don murna. Ya rasa da me zai tarbe shi, sai ya ɗauko abin da ya fi so a duniya, wanda ya daɗe yana ɗoki, ya hana matarsa ya ba shi. Ya san ba irin cimar Yaya ba ce, ba makaho ba ne shi, ya ga yadda ake yatsina tun zaitun. Amma ya zaci za a daure a ci don shi, ko sau ɗaya a shigo nasa wurin a zauna kamar yadda shi ya yi ta zama a nasu.

“Ka kore ni a kan mansaf, na tafi. Yau na sa maka shi a gaba da hannuna, ka ture. To na ji. Ba sai ka ƙara faɗa ba.”

Ya ninke ƙyallen cinyarsa ya ajiye, ya miƙe.

Jimla ɗaya za ta warware komai, Abu Talal ya sani. Amma ya ce ba ƙi na yi ba, buƙata na zo da ita, ai shi ne roƙon da ya taho tun daga Karak yana gudu. Haushi ya kama shi, na Munzir, na Yazan, na kukun da bai taɓa gani ba, na gidan da za a zaunar da dattijo tun azahar har inuwa ta juya a hana shi finjali guda. Sannan ya tuna Rawand tana ninke kaya, ya tuna Juma'a saura kwana kaɗan. Ya dubi teburin, ba ƙaninsa ba.

“Juma'a za su zo neman Rawand.”

Munzir ya tsaya, hannunsa a kan bayan kujera. “Allah ya sa alheri.”

“Tana so ka zo.”

“Ita take so.”

Ba tambaya ba ce, kuma bai zauna ba. Daidai nan Yazan ya iso da faranti biyu, ya ga mutum a tsaye ya ɗan yi turus, amma aiki aiki ne, ya dire su ya fara bayanin rumman da aka daskarar da wani abu. A ƙarƙashin muryarsa Abu Talal ya cusa maganar, da sauri, cikin gemu, ya ce ina roƙonka.

“Ban ji ba, Yaya.”

Abu Talal ya ɗago ya dube shi. Munzir ya ji sarai. Idonsa ya nuna ya ji, kuma ya nuna ba zai karɓe ta a ɓoye ba. Yazan ya yi shiru a tsakiyar jimla. Abu Talal ya dafa ɗan teburin ya miƙe, gilasai suka yi ƙara, ya yi magana da muryar da yake kiran ma'aikata da ita daga wancan gefen gona.

“Na ce ina roƙonka, ɗan ubana. Ni nake so. Ka zo ka zauna kusa da ni.”

Gidan ya yi tsit. Wani mutum ya tsaya da cokali a bakinsa. Munzir ya daɗe a tsaye, sannan ya ja kujerar ya zauna. Ya tambayi yaushe za su zo. Abu Talal ya ce bayan la'asar. Munzir ya ce zai iso tun da safe, akwai shirya kujeru.

Abu Talal ya koma ya zauna. Ya samu abin da ya zo nema, kuma ya jira daɗi ya zo, bai zo ba. Kunya ce ta zo, sai wani baƙin ciki a bayanta wanda bai shirya masa ba. Maganar da ya yi shekaru yana kewaye mata, wadda saboda ita ƙaninsa bai ga girman su Rawand ba, bai zo ko aikin idon Umm Talal ba alhali shi ne likitan, ashe ba ta kai numfashi biyu ba. Ya faɗe ta, rufin bai faɗo ba, mutane har sun koma kan farantansu. Ya dubi Munzir ya ga furfura a gefen kunnensa, wadda ba ta nan ranar da ya ɗauki makulli ya fita, kuma ba wanda zai ɗora wa laifin wannan, ko Yazan.

Yazan ya yi gyaran murya ya tambaya ko zai iya ƙarasa bayanin, don abin ya fara narkewa. Munzir ya share ido da bayan hannu ya ce ya bari. Abu Talal ya ɗauki cokali, ya kwashe jan ruwan da ya rage a farantin ya kai baki.